Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Hutun da Muka Yi a Ikko

Makon jiya na tsaya a inda Baffa ya samu shago na biyu a Kantin Kwari, na kuma yi alkawarin yau zan shiga zancen auren Yaya. Ku yi haƙuri, auren zai jira. Ranar Lahadi an yi suna a gidan ɗan Goggo, ina zaune wata jikarta, yarinyar da ko auren uwarta ba a yi ba lokacin da abin ya faru, ta dube ni tana dariya ta ce, "Anti, ashe ku ne kuka cinye jarin Alhaji a Legas?" Ban tanka mata ba, a bakin manya ta tsinta. Amma tunda maganar ta gangaro har kan jikoki, gara in faɗi yadda aka yi.

A dogon hutu na 1991 ne. Baffa ya daɗe yana zuwa Ikko saro leshi da atamfa a kasuwar Balogun, mu namu sai tsaraba da labari. Wannan shekarar kasuwa ta yi masa kyau, sai ya ce gidan gaba ɗaya za a tafi, har da Inna, wadda tun da aka kawo ta gidan iyakarta Gwarzo in an yi rasuwa. Kafin la'asar labari ya kai wa Goggo. Ta zo ko mayafi ba ta cire ba, ta tsaya a bakin turakarsa.

"Yanzu kai matar aure da 'ya'ya mata za ka kwasa ka kai bariki? Me za su ci a can?"

Baffa ya ce, "Yaya, ai can ma mutane ne, kuma ana sayar da abinci."

Ta ce, "Mai murhu ba ya cin abincin layi."

Wannan maganar na ji ta daga bakin Goggo har ta gundure ni. Yaran yanzu ba za su gane nauyinta ba. A cikin birni a lokacin, ba sayen abincin ne abin kunya ba, don kullum da safe ana aika mu sayo koko da ƙosai. Abin kunyar shi ne a gan ka zaune a waje kana kai loma. Wannan na gwauro ne da ɗan ci-rani da direban da dare ya yi wa. Magidanci kuwa a ce an gan shi a gidan abinci, to matarsa aka zaga. Ita Goggon da ke faɗin haka, shekara da shekaru tana tuyar waina a tsakar gidanta yara na kai talla bakin tasha. Wato ta yarda ta sayar wa marasa murhu, ba ta dai yarda ƙaninta ya zauna kusa da su ba.

Da ta ga ba zai fasa ba, sai ta aiko da garin kunu da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, har da ƙullin kanwa, don kada mu samu hujja.

Jirgin ƙasa muka hau. Abin da na riƙe a tafiyar shi ne gadar Jebba, inda Baffa ya tashe mu daga barci ya ce mu leƙa mu ga Kwara, da kuma yadda daga Ilori zuwa gaba masu talla suka daina jin "nawa ne". Kawu ya tarbe mu a tashar Iddo ya wuce da mu gidansa a Agege. Harkar goro yake yi, ana kawo masa daga wajen Shagamu a ɗaure huhu a loda zuwa Arewa. Da muka shiga unguwar, ga mai shayi, ga almajirai, ga kiran salla, ga Hausa ta ko'ina, Yaya ya ce shi dai an cuce shi, an kwana a jirgi an dawo da shi Fagge.

Washegari aka nuna masa bai san komai ba. Kawu ya ɗebe mu a motarsa ya hau da mu sabuwar gadar nan ta uku, wadda Babangida ya buɗe a 1990. Tsawonta kilomita 11.8, kuma a lokacin babu kamarta a Afirka. Ana ta tafiya ruwa dama ruwa hagu, ga gidajen katako na Makoko tsaye a kan turaku cikin ruwa, yara ƙanana suna tuƙa kwalekwale su kaɗai. Inna ta rufe ido ta kama salati, ba ta buɗe ba sai da taya ta taka ƙasa.

Gidan tarihi na Onikan muka fara zuwa, kuma saboda abu guda Baffa ya kai mu. Ya wuce da mu ta gaban gumaka da kayan tagulla bai ko waiwaya ba, sai da muka isa inda aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, yana hanyarsa ta zuwa ofis a barikin Dodan. Ramukan harsashi na nan a jikinta. Ni Murtala a takardar naira ashirin na san shi, sai sunan asibiti da filin jirgi. Baffa kuwa yana cikin dubban da suka yi dafifi ranar da aka kawo gawar Kano. Ya cire hularsa ya mayar, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa. Wani ma'aikacin wurin ya zo zai yi mana bayani da Turanci, Baffa ya ɗaga masa hannu ya ce da Kawu, "Gaya masa ɗan garinmu ne." Auta ya miƙa yatsa zai zura cikin rami ɗaya, Inna ta make hannun.

Daga nan muka taka zuwa dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka ɗaga tutar Najeriya a 1960, muka yi hoto a ƙarƙashin dawakan nan na bakin ƙofa. Hoton yana wajen Yaya, ya hana kowa. Muka yi azahar a babban masallacin Ikko da aka buɗe a 1988. Sai yunwa.

A nan ne aka aikata laifin da ake ta jifan mu da shi. Baffa ya kai mu Mr Bigg's na Marina, wanda aka buɗe a 1986. Turo ƙofar gilashin ke nan sanyin esi ya buge mu. A nan ba a zama a kawo maka, layi ake bi a nuna abin da ake so a cikin gilashi, a biya, a ɗauko a tire. Baffa da babbar rigarsa ya shiga layi bayan wasu 'yan mata ma'aikatan banki. Sai da ya sa Kawu ya tambayi wa ya yanka kajin, Kawu ya ce, "Alhaji, rabin garin nan Musulmi ne, ka yi bisimilla kawai." Ya sayo dafa-duka da kaza da mitfai da lemon kwalba, ya zaro 'yan murtala ya ƙirga a kan kanta, ya ɗauko tiren da hannunsa. Mutumin da ko buta ba ya ɗauka wa kansa a gida.

Inna ta zaɓi kujerar lungu ta juya wa jama'a baya, fuskarta na kallon bango. Ba ta taɓa cin abinci a gaban Baffa ba, balle a gaban ƙaninta da maza baƙi. Ta ce ita ta ƙoshi. Baffa bai matsa mata ba. Ya bare takardar mitfai ɗaya ya tura gabanta, sannan ya juya kujerarsa ya shiga yi wa Kawu zancen farashin goro da ƙarfi, kai ka ce abin da ya kawo shi ke nan. Ni ina gefenta. Na ga hannunta ya fito daga cikin mayafi ya gutsuri gefen, ya koma. Can ya sake fitowa. Da ta kai inda naman da dankalin suke, ta matso kunnena ta ce, "Ke, wannan da me suke yin ɓawon?" Kafin mu tashi ta cinye, ta kuma naɗe na Auta da ya rage a bakin zaninta.

Shekaru da yawa bayan haka, lokacin da ciwon ƙafa ya zaunar da ita kuma ba ta son komai, in na je gaishe ta sai ta ce in taho mata da "abin nan na Ikko". A lokacin ko'ina a Kano ana yi, har 'yar Goggo ta fara yi a gida tana kai wa shaguna. Inna ta ci nata sau ɗaya ta ce ɓawon ya yi tauri.

Sauran kwanakin haka muka yi ta yawo. Mun je gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Iganmu, wanda aka yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a cikinsa a 1977, ginin kamar hular soja. Mun shiga moluwe, babbar bas ɗin hayar Ikko, don Yaya ya nace, muka fito takalmin Auta ƙafa ɗaya babu. Bar Beach ce ta tsorata ni. Ban taɓa zaton ruwa na da ƙara haka ba. Ga masu fararen riguna ba takalmi suna kaɗa ƙararrawa suna addu'a a bakin ruwa, ga masu dawakai suna ɗaukar yara a biya. Kawu ya nuna mana wajen da a shekarun 1970 ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganga a harbe su jama'a na kallo. Da na koma Ikko da nawa yaran na ce a kai mu can, direban ya yi dariya, ya ce an cike wurin da yashi ana gina sabon gari, Eko Atlantic. Kawu ma ba ya nan, tun bayan rikicin Idi-Araba na 2002 ya tattaro ya dawo gida.

Abinci kuwa ba mu bar komai ba. Matar Kawu ta raka mu wata rumfa a bayan kasuwa inda wata Bayarabiya ke kwasar amala daga tukunya tana tururi, a zuba ayoyo da miyar wake da jar miya duk a kwano ɗaya, a ɗora ganda. Yajin ya sa Auta kuka, Yaya na sharce majina yana cewa a ƙaro. Da daddare Baffa ya kai mu Obalende cin tsire, inda masu tukubar duk mutanenmu ne, aka yi ta gaisawa ana tambayar labarin damina a gida. Ya ci ya yi santi, da muka shiga mota ya ce bai kai na Kano ba. Ƙullin Goggo na nan a ƙasan jaka, kunu kawai aka dama da shi. Kukar da daddawar matar Kawu aka bar wa, ta yi ta godiya.

Da muka dawo, Baffa ya kai wa Goggo leshi mai tsada da burodin Agege. Ta karɓa ta sa albarka, ta ɗinka, ta sa shi a bikin 'yarta. Wannan ɓangaren ba a gaya wa jikoki.

A watan Maris na 1992 gwamnati ta saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 10 zuwa 18 kusan a dare ɗaya. Baffa ya riga ya raba kaya bashi ga 'yan ƙauye da masu kai wa Damagaram a tsohon farashi. Da kuɗin suka dawo, ko rabin kayan da ya fitar ba su saya ba, dilolinsa na Ikko kuma suka daina ba da bashi. Ba shi kaɗai ba ne, layinsu a Kwari mutum nawa suka durƙushe a shekarar, kuma babu wanda ya kai iyalinsa ko Wudil a cikinsu. Shago na biyu ya tafi. Ranar da aka miƙa mukulli, Goggo ta zo jaje, ta zauna a ɗakin Inna ta ce, "Ai na faɗa. Mai murhu ba ya cin abincin layi. Albarka ce ta gudu." Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ni na ɗago, kuma abin da na faɗa ya jawo mini dukan da Baffa bai taɓa yi mini irinsa ba, yana yi yana cewa, "Uwata, yayata ce fa." Har yau ban janye ba.

Duk kuɗin da aka kashe a tafiyar nan, da jirgi da kaza da hoto, bai kai kuɗin dila ɗaya ta atamfa ba. Yaya ne ke riƙe wa Baffa littafin shago a lokacin, yana nan da ransa, duk mai musu ya je ya tambaye shi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu sai auren Yayan, da yadda aka mayar da kayan sa rana saboda shagon nan, da kuma wanda ya kai gulmar gidan surukan. Kun riga kun san ko wace ce.