Abin da na koyo a baje-kolin Kanton kafin in bar Farm Centre

Ƙarshen watan nan zan bar shagon da na daɗe ina yi wa hidima a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano. Da yawa sun riga sun ji labarin daga bakin maigidana Alhaji, wai ni na zaɓo masa kaya marasa kyau, shi ya sa nake son a ji nawa ɓangaren.

Shi ne ya tura ni birnin Gwanzu na ƙasar Chana, baje-kolin Kanton na watan Oktoba, zangon farko da ake baje kayan lantarki. Tun 1957 ake yin sa, sau biyu a shekara, kuma girman zaurukan Pazhou, inda ake yin bajen, ya wuce a ba da labari. Na ga talabijin mai faɗin bango, na ga mutum-mutumi yana miƙa shayi. Ban tsaya a kansu ba. A garin da ake kwana ana jiran wutar KEDCO, fanka mai caji da fitilar sola da pawa-bank su ne kasuwa, can na nufa.

A wata rumfa aka ajiye mini samfur uku na pawa-bank, gida ɗaya, launi ɗaya, farashi uku. Na tambayi tafinta bambancinsu. Ya ce batirin da ke ciki ne, lambar da za a buga a kwali kuwa ni zan faɗa. Jikina ya yi sanyi. Shekara da shekaru muna zagin kayan Chana, alhali kamfanin Transsion mai Tecno da Itel da Infinix a Shenzhen yake, kuma wayoyinsa ne ke ciyar da rabin layinmu. Masana'anta abin da ka biya take ƙera maka. Jabun da muke kuka da shi, da yawansa daga nan Kano ake ba da odarsa.

Lissafin ba wuya. Pawa-bank mai 20,000mAh (ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka) na gaskiya batirinsa 3.7V ne, wato 74Wh ke nan. Kafin a ɗaga shi zuwa 5V da ake cajin waya da shi, wani kaso ya tafi a zafi, don haka wayar da ke da 5,000mAh sau biyu zuwa uku zai cika ta. Kuma yana da nauyi a hannu. Duk wanda aka rubuta wa 50,000 amma ka ɗaga ka ji shi sakayau, ƙarya aka buga a jikinsa.

Na dawo da samfur na tsakiya da gwajin da na yi masa. Alhaji ya saurara, ya yi shiru. Ashe ya kira dillalinsa a can, ya zaɓi mafi araha, ya ce a buga 50,000. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, kayan nan za su dawo mana." Ya ce, "Ni na aike ka ko kai ka aike ni?"

Kaya suka iso ana shiga zafin bazara. Batura suka fara kumbura. 'Yan sari daga Katsina da Maraɗi suka riƙa dawo da su kwali-kwali. Wata baiwar Allah ta zo da nata ya tsage a cikin jaka, tana ta Allah ya isa. A gaban maƙwabtan shago Alhaji ya nuna ni, ya ce yaron da ya kashe wa kuɗin jirgi ne ya zaɓo masa shara. Ya yanke kamashona har aka cike asarar. Kuɗin na yafe. Amma mutanen da suke karɓar kaya a hannuna ba tare da gwaji ba yanzu sai sun jona sun gani, wannan kam har yau yana ci mini rai.

Ga wanda za a tura bana: ka tafi da ƙaramin sikeli da na'urar gwajin caji. Ka buɗe manhajar WeChat tun daga gida, don da ita suke ciniki. Ka tabbatar da takardar SONCAP, wato shaidar ingancin kaya ta hukumar SON, kafin a loda kwantena. Abincin halal yana nan a unguwar Xiaobei. Samfurin da kuka amince a kai, ka sa hannu a jikinsa ka adana.

In kuma maigidanka ya canza oda bayan dawowarka, ka lallaɓa shi ya turo maka a rubuce. Nawa saƙon yana cikin wayata da kwanan watansa, duk mai son gani ya same ni a sabon teburina.