Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Yadda Aka Yi Mini Maganin Firgici da Motsin Idanu

A kashin makon jiya na tsaya ne a inda likitan da ya duba ni ya tabbatar mini cewa zuciyata lafiyarta ƙalau, huhuna ma haka, kuma abin da ke tashina cikin dare jiƙe da gumi yana da suna a wurin masana, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan bala'i, wanda suke taƙaitawa da PTSD. Shi ne ya tura ni wurin wani masanin halayyar ɗan'adam da ya ƙware a irin wannan lalura, wanda mu masu zuwa wurinsa muke kira likita ko da yake ba ya rubuta magani, ba ya kuma yin allura.

Ga wanda bai bi labarin tun farko ba, hatsarin mota ne ya rutsa da ni da ƙanena. Ni na fita da raunukan da suka warke daga baya, shi kuwa ya cika a gefena tun kafin a yanke ƙarfen a ciro mu, Allah ya jiƙansa da rahama. Ni ne na nemi ya raka ni wannan tafiya. Shekaru sun shuɗe, jama'a suna ganina ina tafiya aiki ina dawowa, amma warin fetur kaɗai kan mayar da ni cikin motar nan, ƙarar birki kan sa gwiwoyina su saki, na daina zama a gaban mota, na kuma zama mai saurin fushi da iyalina a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Na je wurin likitan ne da zaton zai sa ni in zayyana masa komai dalla-dalla, kuma wannan ne abin da na fi tsoro, domin duk lokacin da na fara bayar da labarin sai harshena ya ɗaure. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne da ya ce hanyar da yake so mu bi ba ta buƙatar in faɗi kowane abu da baki. Ya ce sunanta EMDR, kuma a cikinta mutum yakan riƙe mummunan abin da ya faru a ransa na ɗan lokaci kaɗan, yayin da idanunsa ke bin yatsun likita suna kai da komowa daga dama zuwa hagu. Na dube shi na ce, “Likita, yanzu abin da ya hana ni barci shekara da shekaru, shi ne motsin yatsa zai kawar?” Ya ce, “Malam, ba yatsuna ne za su yi aikin ba, ƙwaƙwalwarka ce. Akwai aikin da ta fara a ranar nan ya tsaya mata, mu za mu taimaka mata ne ta ƙarasa.”

Ban yarda nan take ba, sai da na koma na bincika. Wata masaniyar halayyar ɗan'adam 'yar Amurka, Francine Shapiro, ita ce ta samar da hanyar. A 1987, tana tafiya a wani lambun shaƙatawa, ta lura cewa wasu tunane-tunane da ke damunta sun rage nauyi a lokacin da idanunta ke motsi da sauri gefe zuwa gefe. Ta gwada a kan wasu, sannan a 1989 ta wallafa bincikenta na farko a kan mutum 22, cikinsu har da tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam da waɗanda aka yi wa fyaɗe. A lokacin shekara tara ke nan kacal da shigar da wannan ciwo cikin kundin cututtuka na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda aka yi a 1980. Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne ganin cewa a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya EMDR cikin hanyoyin da ta ba da shawarar a bi wajen magance wannan ciwo, wata daga cikinsu kuma ita ce maganin gyaran tunani da ɗabi'a wanda ake fuskantar da shi ga abin da ya faru. Shapiro ta rasu a 2019.

Hanyar tana da matakai takwas, kuma motsin idanun da aka fi saninta da shi ba ya zuwa sai a mataki na huɗu. Zamanmu na farko-farko ko ɗaga yatsa likita bai yi ba. Ya ɗauki tarihina, ya tambayi lafiyar idanuna da ta zuciyata, ya tambayi ko ina shan wani abu don in samu barci, da ko akwai wanda zan jingina da shi a gida idan abin ya yi mini nauyi. Daga nan ya koya mini yadda zan saukar da hankalina da kaina: in jawo wani wuri da nake jin aminci a cikinsa, in zauna da shi a raina har numfashina ya daidaita. Mun kuma yi yarjejeniya cewa duk lokacin da na ɗaga hannu, zai tsaya ba tare da ya tambaye ni dalili ba. A ganina wannan shiri shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya, domin wanda bala'i ya afka wa babban abin da ya rasa a ranar shi ne ikon cewa a tsaya, kuma ba zai yarda ya sake kusantar wurin ba sai an damƙa masa wannan iko a hannunsa.

Ranar da muka shiga ainihin aikin, sai ya ce in zaɓi hoto guda ɗaya wanda ya fi kowane muni a cikin abin da ya faru. Ban sha wahalar nemansa ba. Hannun ƙanena ne a cikin nawa, yana sakin riƙon da ya yi mini a hankali. Ya ce, “In ka dubi wannan hoton, wace magana ce kake faɗa wa kanka game da kanka?” Na daɗe ban amsa ba, sannan na ji bakina ya ce, “Ni na kashe shi.” Ban taɓa furta wannan ga kowa ba, har maiɗakina. Likita bai yi gaggawar cewa ba haka ba ne, kamar yadda duk mai ƙaunata zai yi. Tambayata ya yi wace magana zan so in iya gaskatawa a madadinta, na ce, “Ban san abin da zai faru ba, kuma ban bar shi shi kaɗai ba.” Ya ce in auna yadda nake jin gaskiyar wannan magana a ma'auni daga 1 zuwa 7, na ba ta 1. Ya ce in auna zafin da nake ji daga 0 zuwa 10, na ce 10. Ya tambaye ni a ina nake jinsa a jikina, na nuna maƙogwarona da ƙirjina.

Sai ya matso da kujerarsa ta gefena, ya ɗaga yatsu biyu daidai da idanuna, ya ce in riƙe hoton da maganar da nauyin ƙirjin, in bi yatsun da ido ba tare da na juya kai ba. Ya ce in ɗauka ina kallon abin ne a talabijin, rimot yana hannuna. Kowane zagaye bai wuce kamar rabin minti ba. Sai ya sauke hannu ya ce, “Ja numfashi. Me ya zo maka yanzu?” Duk abin da na faɗa, ko kalma ɗaya ce, ba ya yin sharhi a kai, sai dai ya ce, “Bi wannan,” ya sake ɗaga yatsun.

Abin da ya faru a cikin kaina yana da wuyar bayani, amma zan kwatanta iya yina. Da farko zafin ƙaruwa ya yi, har na ji warin fetur a cikin ɗakin, hawaye suna zuba ina bin yatsun da ƙyar. Bayan wasu zagaye sai hoton da ya daskare shekara da shekaru ya fara motsi. Na ga abin da ya biyo bayansa, wanda na manta kwata-kwata: wani mutum da ban sani ba ya zuro hannu ta tagar da ta fashe ya dafa kafaɗata, yana ta yi mini magana har aka ciro mu. Na tuna cewa ina kiran sunan ƙanena, shi kuma ya amsa da “Yaya” sau ɗaya, cikin muryar da babu zargi a cikinta. Daga nan tunanin ya yi tsalle zuwa ƙuruciyarmu, ya dawo kan motar, ya tafi asibiti, ya sake dawowa. Ba ni nake jan shi ba, likita ma ba shi yake jan shi ba. Da lokaci ya ƙure, ya mayar da ni wurin amincin da muka shirya, bai bar ni na fita ba sai da numfashina ya dawo daidai, ya kuma gargaɗe ni cewa aikin zai iya ci gaba a cikin kaina bayan na tafi, don haka in riƙa rubuta duk abin da ya taso. Haka kuwa aka yi. Na gaji liƙis a ranar, na yi mafarkai masu nauyi a dararen da suka biyo baya.

A zaman da suka biyo baya zafin ya riƙa sauka, har ya zo 3 ya cije. Nan ne likita ya yi mini tambaya guda, abin da ba ya yawan yi. Ya ce, “Malam, safiyar da ka ce ya raka ka, me ka sani game da abin da ke jiranku a hanya?” Na ce ban san komai ba. Ya ce, “Bi wannan.” A cikin wannan zagayen ne na gane abin da ya riƙe ni. Tsoro nake ji kada zafin ya tafi ya tafi da ƙanena. Na ɗauki azabar nan a matsayin haƙƙinsa a kaina, ina ganin ranar da na daina jin ta na ci amanarsa. Ina jin da yawa daga waɗanda suka tsira daga abin da ya ci wani nasu suna ɗauke da wannan ba tare da sun sani ba, kuma saboda su na fi son rubuta wannan kashi. Abin da na tarar ya saɓa wa abin da na ji tsoro. A duk shekarun nan, ko ta ina na fara tuna ƙanena, a cikin motar nake ƙarewa, shi ya sa na daina tuna shi, na ɓoye hotunansa, na daina ambaton sunansa. Da zafin ya sauka sai sauran rayuwarsa ta dawo mini: dariyarsa, gardamarsa, yadda yake shigowa ɗakina ba sallama yana neman aron riga. Firgicin ne ya raba ni da shi, ba saukarsa ba.

Da muka kai 0, muka koma kan maganar da na zaɓa, aka ci gaba da motsin idanu har na ji gaskiyarta ta kai 7. Sannan ya ce in rufe ido in bi jikina daga kai zuwa ƙafa in ga ko akwai inda ya rage ɗaure. Maƙogwarona ya saki.

Masana ba su haɗu a kan dalilin da ya sa hakan ke aiki ba, kuma bai kamata in ɓoye wannan ba don kawai na amfana. Robert Stickgold na jami'ar Harvard ya kawo ra'ayi a 2002 cewa abin yana da alaƙa da matakin barcin da idanu ke motsi da sauri a cikinsa, wanda ƙwaƙwalwa ke tace abubuwan da suka faru. Marcel van den Hout da Iris Engelhard na jami'ar Utrecht a ƙasar Holan sun yi gwaje-gwaje da suka nuna cewa abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda yana da iyaka, saboda haka idan aka shagaltar da ita da bin yatsu alhali tana riƙe da hoton, sai hoton ya rage haske da zafi, kuma a haka ake mayar da shi ma'ajiya. Akwai kuma masu cewa fuskantar abin da ake gudu a gaban ƙwararre shi ne maganin, motsin idanun ƙari ne kawai. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2001 bai ga wani amfani na daban da motsin idanun ya ƙara ba, wani kuma a 2013 ya ga yana ƙarawa. Ni dai bayanin na Holan ya fi dacewa da abin da na ji a jikina, domin na lura ba na iya riƙe hoton da cikakken kaifinsa muddin idanuna na aiki, kuma wannan ɗan sassauci ne ya ba ni damar tsayawa a inda a da nake gudu. Ba lallai sai da ido ake yi ba ma. Wanda idonsa ke da matsala akan yi masa da ɗan bugu a hannun dama da na hagu bi da bi, ko da sauti a kunne ɗaya bayan ɗaya.

Ina roƙon mai karatu kada ya ga bidiyo a intanet ya zauna shi kaɗai ya buɗe abin da ba zai iya rufewa ba. Na ga yadda zafin ke hawa kafin ya sauka, kuma da babu wanda ya san lokacin tsayawa a gefena, da na fita daga ɗakin nan na fi yadda na shiga rauni. A nemi wanda aka horar a kan hanyar. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce yawanci akan yi zama 8 zuwa 12, wanda kuma bala'i ya maimaitu a kansa, musamman tun yana yaro, yakan buƙaci fiye da haka da shiri mai tsawo. Ba kowa ne kuma take yi wa aiki ba, kuma wanda ba ta karɓe shi ba yana da wata hanyar da ita ma aka tabbatar da amfaninta.

Ban manta komai ba. Har yau zan iya faɗin launin rigar da ke jikin ƙanena a ranar, kuma in na tuna shi ina kuka, sai dai kukan kewa ne, yana zuwa ya wuce ya bar ni a tsaye. Warin fetur ya koma warin fetur, na koma zama a gaban mota, barci ya dawo, yarana sun daina yin shiru idan na shigo gida. Abu ɗaya ya rage mini a lokacin wanda likita ya ce ba a ɗakinsa za a yi shi ba: mahaifiyarmu ta sha tambayata yadda ɗanta ya cika, ni kuma kullum sai in tashi in bar mata wurin. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin ranar da na zauna a gabanta na ba ta amsa.