Godiya ga waɗanda suka yi gadin barcina

Assalamu alaikum, ƴan uwa da abokan arziki na Damagaram da kewaye.

Alhamdu lillahi. Wata shida ke nan da mota ta kife da ni a hanyar Mirya, na karye a kafaɗa da haƙarƙari biyu, sai yau hannuna na dama ya yi ƙwarin da zan rubuta wannan da kaina, ba tare da na sa yaro ya danna mini waya ba. Wasunku sun tako har asibiti, wasu sun kira, wasu sun yi aike, ni kuwa ban samu na bi kowa gida-gida ba. Ku riƙe wannan tukuna, kafin Allah ya kawo ni ƙofar gidajenku.

Zan fara da gyara wata magana. Waɗanda suka ji labarin a kasuwar Dole sun ji cewa taya ce ta fashe. Daga bakina maganar ta fito, kuma ba haka aka yi ba. Barci ne ya sace ni, rana na sama, ko La'asar ba a kira ba, a hanyar da ba ta cika kilomita 20 ba, wadda nake bi tun ina yaron shago. Na tuna na wuce wani mai raƙumi. Daga nan sai gani na kwance cikin gero, ƙafafun mota na kallon sama, yaron shagona yana ta salati. Kunya ce ta sa na ɗora wa taya laifi, don magidanci mai shekara 52 ba ya son a ce gyangyaɗi ya kayar da shi.

Bawan Allah mai gonar, ban san ko kana da wayar da za ka ga wannan ba, amma wanda ya san ka ya kai maka. Na tattake maka gero ana saura kwana kaɗan girbi. Kai da ƴaƴanka kuka zaro mu, kuka ɗora mu a amalanke zuwa bakin kwalta, kuka tsince atamfofin da suka watse kuka adana, ko turmi ɗaya bai yi ciwon kai ba. Da ƙanena ya je maka da kuɗin ɓarna, ka ce ya mayar a saya wa yaro magani. Allah ya cika maka rumbu, ya raya maka zuri'a.

Yaron ya karye a hannu, an yi masa ɗinki a goshi. Na shirya jin magana mai zafi daga mahaifinsa, don lafiya lau na ɗauko musu ɗa. Da ya shigo ɗakin da nake sai ya kama hannuna ya ce, "Alhaji, yaya jiki? Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa." A lokacin yana ganin taya ce. Makon jiya na je har gida na faɗa masa gaskiya, bai sauya magana ba. Wannan ya fi komai yi mini nauyi.

A dare na biyu a asibiti aka gano ainihin abin. An maƙala mini ɗan abin nan a yatsa mai auna oksijin a jini. Wani matashin ma'aikacin jinya da ke aikin dare ya lura cewa da zarar barci ya ɗauke ni lambar sai ta yi ta gangarowa, daga 96 ta sauko ƙasa da 85, in yi tsit kamar an toshe ni, sannan in fizgo numfashi da gurnani, lambar ta koma. Wani da sai ya ce na'ura ce ta lalace, ya koma kujerarsa. Shi kujerar ya jawo kusa da gadona, ya zauna yana kallon agogo. Da asuba ya tambayi uwargidana, "Hajiya, Baba ya saba yin haka a gida?" Ta ce, "Ɗana, ya fi shekara 10 ina faɗa."

Nan bakina ya mutu, don gaskiyarta ce. Ba al'adarmu ba ce namiji ya tsaya gaban jama'a yana yabon iyalinsa, amma yau sai dai a yi mini uzuri. Minsharina ba ɓoyayye ba ne. Lokacin zafi da muke kwana a tsakar gida, maƙwabta ta bayan katanga sun san sa'ar da na kwanta. Abin da ba sa ji shi ne shirun da ke tsakanin minshari da minshari, ita ke jinsa. Ta ce mini numfashina na ɗaukewa, na ce tsoro ne irin na mata. Ta ɗauki sautina a waya ta kunna mini, na hau faɗa na ce ta goge, wai ta mai da ni abin dariya. Ba ta goge ba, kuma shi likita ya fara saurara. Da na ƙara aure, a makon farko amarya ta fito a guje cikin dare ta buga mata ƙofa tana kuka, "Yaya, ki zo, Alhaji ba ya numfashi!" Ita kuwa ta ce, "Kwantar da hankalinki, zungure shi za ki yi ya juya gefe, haka nake yi." Ashe shekara da shekaru mata biyu na karɓa-karɓar gadin raina, mai girki ita ce mai gadi, ni kuma in tashi da safe ina ƙorafin an cika zungurina. Ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba. A kan wannan ya zo ɗaya, na ƙi ji. Ku yafe mini.

Inna, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Ke kika ce dannau ne, kika sa aka yi rubutu, kika aiko da hayaƙi. Addu'arki ba ta faɗi ƙasa ba, ita ta fito da ni daga motar nan da rai. Amma abin da ke danne ni a maƙogwarona yake. Wani dattijo mai so na da alheri ma ya ce a kira wanzami ya cire mini belu, likita ya ce kada in kuskura, toshewar ta wuce belu, jini kawai zan zubar a banza.

Likitan ya zana mini abin a bayan takardar magani. Ya ce in mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da gindin harshe na saki. Ga yawancin mutane hanyar iska na nan a buɗe. Ga irina, mai ƙiba da kaurin wuya, sai ta matse, iska ta riƙa wucewa da ƙyar tana kaɗa naman, shi ne minshari. In ta rufe ruf, ƙirji ya yi ta ja ba abin da ke shiga, daƙiƙa 10, 20, wani lokaci har minti guda. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta razana ta farkar da mutum na ɗan mitsitsin lokacin da ba zai tuna ba, ya ja iska, ya koma, a sake. Da Faransanci afne ya kira shi, ni dai ɗaukewar numfashi cikin barci nake ce masa. Ya auna wuyana ya samu santimita 45, ya ce namiji in ya haura 43 ana sa masa ido. Telana ya riga shi sanin wannan lambar, shekara nawa yana ƙara wa wuyan rigunana faɗi yana ce mini arziki ne.

Shi ya tura ni Yamai wurin likitar huhu bayan ƙashi ya fara kamawa. Tafiyar kusan kilomita 900 da irin wannan haƙarƙari ba wasa ba ce. Ƙanena da ya rufe shagonsa ya raka ni, da ɗiyar yayata da maigidanta da suka sauke mu kwana 9, Allah ya saka muku. An ɗaura mini ɗamara a ƙirji, siririn tiyo a hanci, ga abin yatsa, na kwana da su. Sakamako ya nuna numfashina na tsayawa ko ya ragu ƙwarai sau 47 a kowace awa. Likitar ta ce ƙasa da 5 shi ne lafiya, daga 15 abin ya fara nauyi, daga 30 zuwa sama kuwa mai tsanani ne. Na yi lissafi irin namu na kasuwa: 47 sau awa 6, ya kama 282. Sau 282 ake shaƙe ni a dare ɗaya, in tashi in ce na yi barci.

Tana bayani ina tuno abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Hawan jinin da na yi shekara 6 ina sha wa magani kala uku, tansiyo ya ƙi sauka daga 17, 18. Ta ce kowace farkawar nan kamar an razana mutum ne, zuciya ta buga da ƙarfi, jijiyoyin jini su matse, har jiki ya saba da hakan ko da rana. Fitsarin dare sau huɗu da nake ɗora wa shayi. Ciwon kan safe da bushewar baki. Mantuwa, har in ba mutum kaya bashi in kasa tuna ko na rubuta. Saurin fushin da ƴaƴana suka sha. Akwai kuma wanda ba a faɗa a fili, magidanta sun gane. Ta ce in an bar shi yana kai mutum ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, yana kuma ƙara haɗarin ciwon sukari. Da na ce mata nakan sayi ƙwayar barci wurin masu talla, don a ganina ƙarancin barci ke damuna, sai ta ajiye biro ta dube ni. Ashe ƙwayar na ƙara sakin maƙogwaro, tana kuma hana ƙwaƙwalwa saurin farkar da mutum. Da kuɗina nake ɗaure hannun mai cetona.

Ta ce ba ni kaɗai ba ne, wani ƙiyasi da aka fitar a 2019 ya kai masu ciwon kusan miliyan 936 a duniya, tsakanin ƴan shekara 30 zuwa 69, kuma yawanci ba su san suna da shi ba. Na tuna sahunmu na Juma'a lokacin huɗuba, na yi shiru.

Maganin ba allura ba ne, ba ƙwaya ba. Wata ƴar na'ura ce da ba ta fi akwatin rediyo ba, ana ce mata CPAP, masu Faransanci su ce PPC. Tana tura iska a hankali ta tiyo zuwa abin rufe hanci, iskar ta tokare maƙogwaro kada ya rufe. Wani likita a Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar a 1981. Kuɗinta ya kusa na sabon babur, ni ga mota ta tafi, ga ciniki ya tsaya. Ƴan layinmu na masu atamfa, ban roƙe ku ba. Wanda kwasar adashe ta faɗo kansa ya bar mini, sauranku kuka ɗora abin da ya sauwaƙa, ɗan yayana da ke Agadas ya cika. Na san yadda kasuwa take bana, na san abin da ya fita daga aljihunku ba rara ba ce.

Da na dawo sai ga matsalar wuta. In ta ɗauke cikin dare na'ura ta tsaya, in farka ina kokawa da abin hanci. Samarin fadar ƙofar gidana, waɗanda na sha yi wa faɗa kan hira da shayi har ƙarfe biyun dare, su suka hau rufi suka kafa mini faifan sola da batir, ko kuɗin sukari suka ƙi karɓa. Na janye rabin faɗan da na yi muku. Rabi yana nan.

Kada in yi muku ƙarya, makon farko na tsani abar nan. Sau biyu na cire na jefar. Jikata ta gan ni da tiyo a hanci ta ruga tana cewa Kaka ya zama giwa. A dare na 9 ko na 10 na kwanta bayan Isha'i, ban san inda kaina yake ba sai kiran Assalatu. Na zauna bakin gado kaina wasai, kamar an sauke mini ɗaya daga duwatsun Birni. Har mafarki na yi, abin da na manta rabona da shi. Yanzu tansiyo na wasa tsakanin 13 da 14, likita ya rage mini magani ɗaya, na kuma sauko daga kilo 108 zuwa 101 da tattakin bayan Asuba da rage tuwon dare. Ba warkewa na yi ba, in na kwana babu na'urar ciwon na nan inda yake. Ƙurar hunturu ta so ta toshe wa na'urar abin tace iska, amarya ce ta ɗauki nauyin kula da ita, ta fi ni sanin kanta yanzu.

Limaminmu da ya sha sa a taɓa ni lokacin huɗuba bai taɓa kunyata ni ba, na gode, Malam. Taubasaina da suka naɗa ni Sarkin Barcin Damagaram, ku ma na gode, amma na ajiye rawani. Akwai waɗanda suka fi ni cancanta, na san su, don su ma na tsawaita wannan rubutu. Musamman direbobinmu masu bin hanyar Agadas da ta Yamai, masu korar barci da goro da kofi. Ba kowane mai minshari ke da ciwon ba. Amma in iyalinka ta ce kana yin tsit sannan ka fizgo numfashi, in kuma barci na sace ka a zaune, ka bar ta ta ɗauki sautinka a waya, ka kai wa likita ya ji. Yaro ma in kullum yana minshari yana barci baki buɗe, a kai shi a duba masa maƙogwaro.

Ranar Litinin in Allah ya so zan koma shago. Babban ɗana zai riƙa kai ni a babur, don na ɗaukar wa kaina ba zan taɓa sitiyari ba sai an sake auna ni. Wanda ke son ganin na'urar da idonsa ya same ni gida bayan Magariba in nuna masa.

Damuwa ɗaya ta rage a gidan. Hajiya ta ce yanzu shirun ne ke hana ta barci, har yau takan farka cikin dare ta ɗora hannu a ƙirjina ta ji ko yana motsi. Ku sa ta a addu'a, Allah ya ba ta nata barcin ita ma.

Wassalam.