Alhamis, da maganar da Baba Malam ya yaɓa mini

Alhamis. Tun ƙarfe takwas rana ta fara cizo, mai kabu-kabun da ya ɗauko ni daga Mabera kuma ya ƙi karɓar kuɗin jiya, wai mai ya ƙara tashi. Ban tsaya ciniki ba, hankalina na kan aji, don yau na sa ranar gwada abin da muka koyo kan tsara darasi a bitar malamai ta makon jiya.

Darasin lissafi na makon nan a aji huɗu raba abu kashi-kashi ne: rabi, sulusi, rubu'i. A tsarin da aka koya mana, kafin malami ya rubuta ko layi ɗaya sai ya san wa ke gabansa da abin da ya riga ya sani. Sai na shiga da dabino a leda, na zube 12 a kan tebur, na ce wa zai raba wa mutum huɗu. Yarinyar nan ta bencin ƙarshe, mai tallan gyaɗa, wadda ke gyangyaɗi a aji, ko kai ba ta ɗaga sosai ba ta ce uku-uku. In mutum uku ne fa? Huɗu-huɗu. Rabin mudu da rabin mudu? Ta yi mini wani kallo na raini. Amma da na rubuta 1/4 a allo na ce ta karanta, sai ta ce goma sha huɗu. Kuma ba ita kaɗai ba, kusan duk layinsu haka suka ce. Ashe lissafin yana kansu tuntuni, alamar ce ba ta shiga ba. Ga shi layin ilimin baya a littafin shirin darasi, wanda ake gada daga malami zuwa malami, abu ɗaya yake faɗi duk shekara: yara sun iya ƙirga 1 zuwa 100. Wa ya taɓa tambayar yaran?

Na fito tara ina jin kaina. Baba Malam, dattijon malami a makarantarmu, na gindin dogon yaro kamar kullum, goro a kumatu, rediyo a cinya. Na gaishe shi, na zauna, na fara zuba.

Na ce Baba, matakai biyar ne. A fara binciken yaran da abin da ake son gyarawa. A tsara manufa da yadda za a auna ta. A haɗa kayan aiki. A koyar. A auna, in ba a ci nasara ba a koma baya a gyara. Sunansa ADDIE, a Jami'ar Jihar Florida aka tsara shi a 1975 don horar da sojojin Amurka, daga baya malaman makaranta suka ɗauka.

Ya rage murya rediyo. "Mi kic ce, ɗiyata? Soja?"

"Soja, Baba."

"Awo. To shi soja ai zaɓe nai akai kahin a koya mishi. A auna tsawo nai, a auna ƙirji. Mu wa munka zaɓa? Duk wanda uwa tai ta koro, namu ne."

Na ce ai shi ya sa ma binciken ya fi wajaba a kanmu, tunda ba mu san wa aka turo mana ba. Na ba shi labarin dabino. Ya yi dariya har goro ya kusa sarƙe shi, ya ce shi tun yana sabon malami da rabon gado yake koyar da wannan darasi. Mutum ya mutu ya bar mata da 'ya'ya, matar na da sumuni, uwa na da sudusi, in kuma ba ɗa matar na da rubu'i. Ya ce ba yaron Sakkwato da bai taɓa jin ana wannan lissafi a zaure ba. Gaskiya tasa ce, kuma na rubuta a bayan littafina, zan yi amfani da shi.

Sai na kawo maganar manufa, don ita ta fi burge ni a bitar. Tun muna kwaleji muke jin sunan Robert Mager, wanda a 1962 ya dage cewa manufar darasi dole ta faɗi abin da za a ga yaro yana yi, a wane yanayi, kuma kamar yaya za a ce ya iya. Wato kar a rubuta yara za su fahimci rubu'i, don ba wanda ya taɓa ganin fahimta da idonsa. A rubuta cewa in an ba yaro abu 12 zai ware rubu'insu ya kuma rubuta alamarsa. Daga nan tambayar jarrabawa ta fito da kanta, kayan aiki ma sun fito, ka san dabino za ka nema ko marfin kwalba. Wannan ɓangaren ni dai ya gamsar da ni ƙwarai, duk da na san akwai abin da ba ya aunuwa haka, irin su ladabi da son karatu.

Baba bai musa ba. Ya dai tambaye ni mako mai zuwa me tsarin zango ya ce a koyar. Na ce wani darasin daban. Ya ce to waɗanda suka ce goma sha huɗu fa? Na ce zan san yadda zan yi.

"Ba ki da yadda za ki yi," in ji shi. "Makarantar allo, babbaƙu anka fara, sannan farfaru, kuma ba a wanke allo sai yaro ya biya malam ya ji. Ku ko ƙararrawa ka wanke muku allo. Wanga mataki naki na biyar, na komawa baya, wa zai ba ki shi?"

Aka kaɗa ƙararrawa. Ya miƙe ya kakkaɓe riga ya tafi ajinsa, ya bar ni da ledar dabino.

Tun daga lokacin abin ke cina. Don in an duba, matakai huɗun farko duk a hannuna suke. Zan iya hana kaina barci in tsara, zan iya sayen dabino da kuɗina. Na biyar ɗin ne ba nawa ba. Tsarin zango a rubuce yake mako-mako, masu zuwa duba aiki kuma abin da suke buɗewa shi ne ko darasin makon ya yi daidai da takarda, ko an sa hannu, ko kwanan wata ya hau. In na tsaya mako guda saboda yara ba su iya ba, a takarda ni ce na makara. In na wuce na bar su, a takarda ni ce mai ƙwazo. A bitar an zana mana matakan nan a da'ira, kibiya na komawa farko, muka yi tafi. Ba wanda ya ɗaga hannu ya tambayi a wace rana ta mako za a yi komawar, har da ni da nake zaune a gaba. Kuma aji ya cika har bakin ƙofa, wasu a ƙasa, minti 35 ne darasin, kiran suna kaɗai na cin nasa rabon.

Ba wai na yarda da Baba gaba ɗaya ba ne. Malamin allo kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma ba wanda ke jiransa da jarrabawar ƙarshen zango. Amma tambayarsa ba ni da amsarta, shi ne abin haushin.

Hedimasta ya sa hannu a littafina, ya yaba rubutu. Bai karanta manufar ba, na lura.

Gida. Ba wuta. Gwaggo ta aiko da fura, Allah ya saka. Auta ya cinye sauran dabinon kafin in ajiye jaka, da na yi faɗa ya ce ai rabi kawai ya ci.

Bayan isha'i na zauna da fitilar waya na duba jadawalin mako mai zuwa. Litinin akwai darasin lissafi kafin tara. Zan saci minti goma na farko in koma kan alamar nan, layi a tsakiya, ɗaya a sama, huɗu a ƙasa, da rabon gadon da Baba ya kawo a matsayin misali, sannan in shiga sabon darasi da abin da ya rage. A littafi kuwa sabon darasin kaɗai zan rubuta. Raina bai so hakan ba ko kaɗan, wai sai na ɓoye gyara kamar mai laifi.

Gobe Juma'a, da wuri za a tashi. Ina son in tare Baba kafin ya wuce masallaci, in ji shi yadda yake yi da nasa ajin, don ban yarda cewa duk shekarun nan ƙararrawa yake bi ba.