Folifenol da tumbina: abin da na gani a jikina

Abubuwa biyar likitoci ke dubawa kafin su ce mutum yana da larurar da ake kira metabolik sindirom. Ƙugu da ya wuce santimita 102 ga namiji ko 88 ga mace, awon jini daga 130/85 zuwa sama, sukarin jini na safe kafin a ci komai daga 100, kitsen jini na tiraigilisaraid daga 150, sai kolestarol mai amfani, HDL, idan ya gaza 40 ga namiji ko 50 ga mace. Duk wanda ya haɗa uku an ce yana da metabolik sindirom. Ni na haɗa ƙugu da jini da sukari. Ba ciwon suga ba ne tukuna, amma hanyarsa ce. Tun a 1988 wani likitan Amurka, Gerald Reaven, ya nuna cewa abin da ke ɗaure waɗannan larurori wuri guda shi ne jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini.

Likitata ta ce in rage tumbi, in riƙa tafiya a ƙasa. Batun folifenol kuwa ni na tono shi da kaina. Sinadarai ne da tsirrai ke yi don kare kansu daga rana da ƙwari, an gano fiye da iri 8,000. Suna cikin ganyen shayi, kofi, koko, albasa, wake, tuffa, kanumfari da man zaitun. Baurin nan da ke kama harshe idan shayi ya daɗe a ruwan zafi, su ne.

Da shayin na fara, ba sukari ba madara. Da farko kamar magani nake sha, ina yamutsa fuska, daga baya baki ya saba. Albasa kuma na daina yi mata fiɗa mai zurfi. A da nakan zubar da ɓawo biyu ko uku, ashe a waɗannan na wajen sinadarin kwasetin, wani nau'in folifenol, ya fi taruwa, yanzu busasshen kawai nake cirewa. Tuffa da ɓawonta nake ci. Wake ya samu gurbi a kwanona kusan kullum, ya kuma kumbura mini ciki na ɗan lokaci kafin hanji ya saba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kaɗan ne daga cikin folifenol ke shiga jini ta ƙaramin hanji, kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Sauran sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin bakteriya su farfasa shi, sannan jiki ya ɗauki abin da suka bari. Shi ya sa mutum biyu za su sha shayi iri ɗaya amma amfanin ya bambanta.

Masu tallar ƙwayoyin ganyen shayi sun dame ni a intanet, ban saya ba. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce shan miligiram 800 ko fiye na sinadarin EGCG, wani folifenol na ganyen shayi, a rana ta hanyar ƙwaya na iya taɓa hanta. A Amurka kuma an gwada ƙwayar koko a kan mutane fiye da 21,000, sakamakon 2022 bai nuna ta rage yawan cututtukan zuciya ta yadda za a dogara da ita ba. Binciken da ya ƙarfafa mini gwiwa na ƙasar Sifen ne, PREDIMED, inda abinci aka ba mutane, man zaitun da 'ya'yan itatuwa masu ɓawo irin su almon.

Bayan wasu watanni ƙugu ya sauko, na ƙara huda a bel ɗina. Jini ya ɗan sauka, sukari yana bakin iyaka. A ganina ba folifenol ne ya yi yawancin aikin ba. Kowane kofin shayi ya kori kwalbar lemon zaƙi ɗaya, wake ya ture farin burodi, ga kuma tafiya. Folifenol ya taimaka ne daga gefe.

Akwai abu ɗaya da likitar ta ja mini kunne a kai: folifenol na shayi da kofi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abincin tsirrai. Don haka sai na bar kamar awa guda tsakanin cin abinci da shan shayi, kuma mai ƙarancin jini ko mai ciki ya kamata su fi ni kiyaye wannan.