Abin da Magudanar Ruwa Ta Koya Mini Game da Koyarwa

Ina cikin shekarata ta shida da fara koyar da lissafi a sakandare aka ɗora mini nauyin shirin hidimar al'umma na ɗalibai. Na karɓa hannu bibbiyu. Wata Asabar na nemo shebur da manjagara da safar hannu, na kwashi yara muka yashe magudanar ruwan da ke bayan katangar makaranta. Sun yi aiki tuƙuru, maƙwabta suka sa albarka, aka ɗauki hotuna. Mako uku bai cika ba kwatar ta sake toshewa kamar ba a taɓa sa mata hannu ba.

Toshewar ba ta tsaya mini a rai ba kamar tambayar da wata ɗaliba ta yi mini ranar Litinin. Cewa ta yi, "Malam, aikin nan da muka yi, a wane darasi yake?" Ba raini ba ne, so take ta san inda za ta rubuta shi a littafinta. Na rasa amsa. Gaskiyar magana, ba ya cikin kowane darasi. Na fitar da su daga aji, amma ban fita da ajin ba.

John Dewey, masanin ilimi na Amurka, ya yi bayani tun 1938 cewa ba kowane abin da yaro ya yi da hannunsa ne ke ilimantar da shi ba, wani ma karkatar da shi yake yi. Na karanta wannan a kwaleji, sai a bakin kwata na gane shi. Abin da yarana suka ɗauka ranar nan shi ne hidima gumi ce ta yini guda, a yi hoto a watse.

Da zango ya zagayo, sai na sauya salo. Kafin mu taɓa shebur, na sa ɗalibai su je su tambayi mutanen da ke zaune a gefen magudanar. Wani dattijo ya saurare su har suka gama, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ba shara ce kaɗai ba. Ku gangara ku duba bakin kwalbatin can." Na ce, "To Baba, a nuna mana." Ya shige gaba muka bi shi. Ashe a wurin magudanar ta tsuke, kuma gangarenta ya kwanta, sai ruwa ya taru a bayan kwalbatin ya rage gudu, duk abin da ya ɗauko ya zauna. Shekara da shekaru yana kallon wannan, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Daga nan lissafi ya shigo da kansa. Muka dawo da tef ɗin awo da igiya da agogo. Yara suka auna faɗi da zurfin ruwa a wurare daban-daban, suka ninka faɗi da zurfi suka fitar da girman filin da ruwan ke ratsawa. Suka jefa murfin kwalba suka ƙirga daƙiƙoƙin da ya ɗauka kafin ya ci mita 10, suka samu saurin ruwa. Aka ninka sauri da fili, ga yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa. Sharar da aka kwaso kuma aka rarrabe ta, leda gefe, robobi gefe, yashi gefe, aka auna nauyi aka fitar da kashi cikin ɗari. Akwai wani yaro da ke zama can baya, wanda na kusa fid da rai da shi. Shi ne ya ɗaga hannu ya ce amsar rukuninsu ba za ta yiwu ba, don idan haka ne da ruwan ya shafe katangar makaranta. Da muka bi sawu, sun haɗa santimita da mita ne. A jarrabawa bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko amsa ta yi daidai da hankali ba. A nan kuwa ya tsaya a cikin ruwan da ƙafarsa, ya san iyakarsa.

Na san akwai wuraren da aka mayar da hidima sharaɗin kammala makaranta. Jihar Maryland ta Amurka ta wajabta sa'o'i 75 a 1992, lardin Ontario na Kanada kuma sa'o'i 40 tun 1999. Ban ƙi wannan ba, amma ƙirga sa'o'i shi ne ɓangare mafi sauƙi. Abin da na fi riƙewa daga tsarin Maryland shi ne matakai uku: shiri, aiki, da waiwaye. Waiwayen nan ne nake tsallakewa a da. Yanzu duk ranar da muka fita, darasi na gaba na tattaunawa ne. Me ka gani da ba ka zata ba? Wane abu daga aji ya yi maka amfani? Me mutanen wurin suka sani da mu ba mu sani ba? Tambaya ta ukun ce ke sa aji ya yi tsit kafin a fara magana.

Akwai abin da ba na sassauci a kai. Ba na yarda a tura yaro wannan aiki a matsayin horo, domin ranar da hidima ta zama bulala ta mutu a zuciyarsa. Ba na fita sai da izinin iyaye da kayan kariya. Kuma ba a ɗaukar hoton kowa ko na gidansa sai ya amince, don mutane ba kayan nuni ba ne.

Malamar harshe ta taya ɗaliban rubuta wa hukuma wasiƙa, suka haɗa da jadawalin awonsu da zanen wurin da ya tsuke. Har yau ba a faɗaɗa kwalbatin ba. Littafin awon yana cikin durowata, kuma 'yan ajin bana da shi za su fara, su sake aunawa a wuraren nan dai, mu ga abin da shekara guda ta canza.