Maɓallin da ke kusa da sitiyari

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa tsofaffin Land Cruiser, waɗanda babu wata kwamfuta da ke shiga tsakanin ƙafar direba da taya, kafin kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse da nake yi wa aiki ya damƙa mini makullin sabuwar Hilux. Kusa da sitiyarinta akwai wani ƙaramin maɓalli mai hoton mota da karkatattun layuka biyu a bayanta, kamar sawun tayar da santsi ya kwashe, kuma na yi wata biyu ban taɓa shi ba, domin a kan kwalta babu dalilin taɓa shi.

Na san muhimmancinsa ne a arewacin Yusufari ta jihar Yobe, wajen Tulo-Tulo, inda tuddan rairayi suke jere kuma hanya ba ta wuce sawun motar da ta riga ka ba. Da azahar ne, rana ta gasa rairayin har ya yi laushi kamar gari. Na sa giyar H4, wadda ke tura ƙarfin inji ga tayoyi huɗun duka ba tare da rage gudu ba, na tunkari wani tudu da gudu kamar yadda na saba, amma a tsakiyar hawan sai na ji ƙarar injin ta mutu alhali ƙafata tana kan totur har ƙasa, wata fitila ruwan ɗorawa kuma tana ta ƙyaftawa a gabana. Motar ta rage gudu, ta tsaya, sannan ta nutse har cikinta ya kwanta a ƙasa. Awa biyu muka yi da shebur.

Dattijon da ke jan babbar motar injin haƙa ne ya sauko, ya leƙa cikin motar, ya ce mini: "Ɗana, ba gazawa ta yi ba, riƙe ta aka yi kana kallo." Ya sa muka rage iskar tayoyi huɗun har suka baje, ya danne maɓallin nan na ɗan lokaci, muka koma baya muka sake ɗaukar tudun, motar ta haye tana watsa rairayi.

Daga baya, da na zauna da littafin motar, na gane cewa na'urori biyu ne a ƙarƙashin maɓalli ɗaya. Ta farko, wadda Toyota ke kira TRC, tana lura da gudun kowace taya, idan ta ga ɗaya tana juyawa fiye da 'yan uwanta sai ta taka mata birki ita kaɗai, ta kuma rage ƙarfin inji. Ta biyu, VSC, tana kwatanta inda direba ya nufa da sitiyari da inda jikin motar yake juyawa a zahiri, idan suka saɓa sai ta gyara. A kan kwalta, tayar da ke juyawa a banza alama ce ta haɗari, amma a cikin rairayi mai zurfi dole taya ta ɗan riƙa tona tana turawa, kuma gudun da mota ta taho da shi shi ne jarinta. Kwamfutar ba ta ganin rairayi, lissafi kawai take gani, don haka ta ƙwace mini ƙarfin injin daidai lokacin da na fi bukatarsa. A motarmu, dannawa sau ɗaya tana kashe TRC, dannewa kuwa na fiye da daƙiƙa 3 yayin da mota take tsaye tana kashe duka biyun.

Kuskurena na gaba shi ne na ɗauki darasin fiye da yadda yake. Na koma da zarar na sauka daga kwalta sai in kashe komai, har ina yi wa sababbin direbobi huɗubar cewa kayan Turawa ne da ba su san dajinmu ba. Damina ce ta gyara mini tunani, a fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, inda muka zo tsallake wani kwari mai laka, tayar gaba ta hagu da ta baya ta dama suka rasa abin kamawa. Ƙarfin inji kamar ruwa yake, inda ya fi sauƙi yake bi, saboda haka tayoyin da ke cikin santsi suka yi ta juyawa, waɗanda ke kan busasshiyar ƙasa kuma suka tsaya cik. A giyar L4, wadda ke jan tayoyi huɗun a hankali amma da ƙarfi sosai, motar tana da wani tsari na daban, A-TRC, wanda yake kama tayar da ke juyawa a banza da birki domin ƙarfin ya koma ga wadda ta taka ƙasa. Sharaɗinsa shi ne direba ya riƙe totur daidai wa daida, kada ƙugin da ke tashi daga ƙarƙashin mota ya tsorata shi ya ɗaga ƙafa. Na riƙe, motar ta yi gurnani, ta fita a hankali. Sai dai ba a matsa masa na dogon lokaci, domin idan birkin ya yi zafi na'urar takan yi ƙara ta dakata har sai ta huce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa a kan hanyar burji ya faru, ina gudun da bai wuce kilomita 70 ba, lokacin da garken awaki ya faɗo daga bayan wata ƙaya. Na karkata hagu, na dawo dama, bayan motar ya fara ƙwacewa, kuma kafin hannuna ya gama gyara sitiyari na ji wata taya ta gaba ta kama birki da kanta, motar ta miƙe. Ban kunna VSC da gangan ba. Mun tsaya sallah ne a wani ƙauye, na kashe inji, da na sake tayarwa sai na'urar ta dawo da kanta. Irin wannan kaucewa ce ta kifar da ƙaramar Mercedes A-Class a wani gwaji a Suwidin a 1997, shekara biyu bayan kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz sun fara sa na'ura irin VSC a mota, kuma sa mata na'urar yana cikin gyaran da kamfanin ya yi. Amurka ta wajabta ta a kan ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma a kan dukkan sababbin motoci daga Nuwamban 2014. Mota mai tsayi daga ƙasa irin tamu, ga buhunan siminti da bututai a baya, tana da saurin yin adungure idan ta juya gefe a kan gargada.

Akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani a garejoji wadda ba na yarda da ita ko kaɗan. Idan laka ko itace ya tsinke wayar na'urar da ke auna gudun taya, fitilar gargaɗi takan zauna a kunne, wasu kanikawa kuma maimakon su gyara wayar sai su rufe fitilar, mai mota ya tafi yana zaton yana da kariyar da babu ita. Haka nan sa tayoyi masu girma daban-daban yana rikita lissafin na'urar.

Yanzu idan muka fito daga rairayi, ba na ɗaukar gudu sai na tsaya na mayar wa tayoyi iskarsu da ƙaramin famfon da ke bayan kujera, na danna maɓallin, na ga fitilar ta mutu da idona. Yaron motata yakan tuna mini idan na yi gaggawa, domin na ce masa aikinsa ne.